Tumatirin da Lanti Ta Ɗaure

Dalilin da ya sa tumatirin gado, wanda tsofaffi suke shukawa a bayan ɗaki, yake fitowa da tattara kamar bakin ƙunshi, ba sumul kamar na kasuwa ba, ya samo asali ne daga wata mata mai suna Lanti. Ku gyara zama, yara, ku ji yadda aka yi.

A da can, kowane tumatir sumul yake kamar ƙwai. A garin Tsamiyar Goje, inda Lanti take aure, akwai wata al'ada: ba a sayar da iri, ba a kuma hana shi. Idan maƙwabciya ta leƙo ta kan danga ta ga tumatir ya yi ja, ta ce, "A san mini iri," to wanda ta gani ɗin ya zama nata, sai a tsinke a miƙa mata. Amma sai ta gan shi ja da idonta. Ɗanye ba a roƙonsa.

Wata shekara mahaifiyar Lanti ta rasu a can garinsu mai nisa. Kafin Lanti ta isa, an riga an raba kaya, awaki kuma sun cinye lambun tsohuwar. Abin da ya rage mata zane ne guda na saƙi, da ɗan ƙullin toka a haɓarsa. Da ta kwance, sai ta ga ƙwayoyin tumatir a cikin tokar. Irin mahaifiyarta ne, wanda guda ɗaya yake cika tafin hannu, ya kuma isa tukunyar miya.

Ta dawo gida ta yayyafa shi a bayan ɗakinta. Uku suka tsiro, kaji suka tone biyu. Ɗayan da ya rage ta kewaye shi da ƙaya, tana ba shi ruwa safe da yamma, har ya yi fure ya ɗaura 'ya'ya biyar.

Nan hankalinta ya tashi. Gidaje tara ne a unguwar ban da nata, kuma kowace mace ta ji labarin irin. 'Ya'ya biyar, mata tara. Ranar da suka yi ja, ko ɗaya ba za ta tsira da shi ba, kuma ba ta da wani abu mai rai da ya rage mata na uwarta.

Ran kasuwa da hantsi, unguwa ta yi tsit, Lanti ta ɗauko zanen nan ta yayyaga shi gida biyar. Ta naɗe kowane ɗanyen tumatir da ƙyalle, ta tattara bakin a wajen hancinsa, inda yake manne da reshe, ta ɗaure tam da igiyar rama. A ranta ta ce, abin da ido bai gani ya yi ja ba, ai baki ba zai roƙa ba.

Da yamma maƙwabciyarta Yalwa ta leƙo ta kan danga, ta yi turus.

"Lanti! Me nake gani haka? Kaciya aka yi wa tumatirin naki?"

"Tsuntsaye ne suka dame ni," in ji Lanti, ba ta ɗago kai ba.

"Tsuntsaye? To Allah Ya raba ki da su. Amma wannan tsuntsuwar dai ɗankwali gare ta, kuma gidanta yana jikin naki."

Lanti ta yi kamar ba ta ji ba. Kafin gari ya waye sau biyu, magana ta zagaye unguwa. Mata suka riƙa wucewa ta bayan dangar suna gaishe ta. Wata ta ce, "Ya mai jiki?" Wata ta ce, "Yaushe za a kwance wa angwaye lalle?" Ba wadda ta roƙa, domin ba wadda ta ga ja.

Tumatir kuwa ya ci gaba da girma a cikin ƙyalle. Ƙyallen ya ɗame, igiyar ta nutse. Lanti ta ga haka, amma ta ce bari dai ya ƙara kwana biyu.

Ranar da ƙanshin nuna ya fara tashi, ta ɗauki ƙwarya da wuƙa ta zagaya bayan ɗaki. Ta yanke igiyar na farko, ƙyallen ya faɗi. Sai ta saki wuƙar.

Abin da ke hannunta ja ne, ƙato ne, amma ba tumatirin mahaifiyarta ba ne. Duk inda ƙyallen ya ninke, naman ya bi ninkin. Ya yi tudu da kwari tun daga hanci har ƙasa, bakinsa a tsuke kamar jakar da aka zuge. Ta kwance na biyu. Haka yake. Na uku, na huɗu, na biyar, duk haka.

"Innalillahi! Wayyo Inna, na lalata miki iri!"

Ihun ya fito da unguwa. Mata suka cika bayan ɗakin, kowa ta riƙe baki. Yalwa mai tsokana ma ta matso ta zuba wa tumatirin ido. Wata ta ja da baya ta ce kada kowa ya taɓa, wannan ba abin ci ba ne.

Ana cikin haka Gwaggo Tabawa ta iso da sandarta. Ita ce yayar mahaifin mijin Lanti, kuma babu wadda ta girme ta a unguwar. Ta karɓi guda ta jujjuya shi kusa da idonta, ta bi tudun da yatsa tana ƙirgawa a hankali. Ta karɓi wani ta ƙirga. Sai ta ɗago.

"Ke Lanti, gida nawa ne a unguwar nan?"

"Tara, Gwaggo."

"Da naki fa?"

"Goma."

"To zo ki ƙirga da kanki."

Lanti ta ƙirga. Tudu goma. Ta ɗauki wani, goma. Duk biyar ɗin, goma-goma. Gwaggo Tabawa ta sa wuƙa ta raba ɗaya a tsakiya, sai ga cikinsa ɗaki-ɗaki, kowane tudu da ɗakinsa, kowane ɗaki cike da ƙwayoyi. Wurin ya ɗauki salati.

"Kin ɗaure masa baki don kada a roƙa," in ji tsohuwar, "shi kuwa ya zauna a ciki ya yi rabon da kansa. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin abin lambu ya fi mai shi sanin ya-kamata ba. Yanka ki bi layi, 'yar nan. Ya rage miki aiki."

Lanti ta durƙusa tana hawaye, ta bi kwarin da wuƙa. Kowane gida ya sami yanki biyar, ita ma biyar. Kowa ta je ta matse nata a toka ta shanya, ana cewa baɗi zai dawo sumul, tunda ba wanda zai sake ɗaure shi.

Baɗi ta zo. Lanti ta yayyafa nata duka, bai ko kai dashe ba aka yi ruwa da ƙanƙara, rufin ɗakinta ya zubo a kan shukar. Ko tsiro ɗaya bai tashi ba. Ta duba tsumman tokar, babu ƙwaya ko guda. Ta yi makonni ba ta zagaya bayan ɗaki, don ta tabbata irin uwarta ya ƙare a hannunta.

Wata safiya tana shanya, idonta ya faɗa gidan Yalwa. Ta ƙanƙame dangar. Ga tumatirin nan reshe-reshe, ja wur, manya-manya, ba ƙyalle ba igiya, amma kowanne da tattararsa kamar an ɗaure shi jiya.

Ta leƙa ta kan dangar ta kira maƙwabciyarta.

"Yaya Yalwa... a san mini iri."

Yalwa ta tsinko mafi girma, ta goge shi da bakin zanenta, ta miƙo ta kan danga.

"Ungo. A haka za ki tafi da shi, ko in naɗe miki a tsumma saboda tsuntsaye?"

Lanti ta karɓa da hannu biyu, tana dariya tana share ido.

Shi ya sa har wa yau, duk inda aka shuka tumatirin gado, da tattararsa yake fitowa, shatin ƙyallen Lanti bai goge ba. In kun sami guda, ku duba wajen hancinsa za ku ga inda igiyar ta tsuke. Ku raba shi biyu kuma ku leƙa ciki: har yanzu a rabe yake zuwa, ɗaki-ɗaki, da rabon maƙwabta a ciki.