Hatimin Mai Sayar da Iri

Akwai wani mutum a wani gari wanda sana'arsa sayar da iri ce. Kowace kaka yakan zaɓi gero da dawa mafi kyau, ya zuba a goruna, ya liƙe bakinsu da yumɓu, ya danna hatiminsa tun yumɓun yana ɗanye. Al'adar garin kuwa, kowane hatimi sai sarkin kasuwa ya shaida shi a gaban jama'a. Saboda haka ba a buɗe gora a kasuwa. Manomi in ya ga alamar sai ya saya ya tafi, ba ya fasa liƙin sai ranar shuka.

Ana nan damina ta kawo kai. Ranar kasuwa da safe, hadari yana haɗuwa a gabas, sai ga wata tsohuwa mai ginin tukwane ta zo rumfarsa tana haki. Ta buɗe bakin zanenta ta nuna masa guntun yumɓu, ga alamarsa a kai raɗau.

Ta ce, "Ɗana, kwanakin baya wani baƙo ya ba ni wani ɗan abu in gasa masa cikin tukwanena. Yau na tsinci wannan a inda ya zauna yana gwada shi. An kwafi hatiminka."

Nan take ya tuna ranar da ya bar hatimin a kan tabarma ya tafi cin abinci. Amma sai ya sa hannu a aljihu ya fito da shi.

"Iya, ga shi nan. Yaya za a sace abin da yake hannuna?"

"Ni dai na gaya maka. Tashi ka je wurin sarkin kasuwa."

To, ga inda wuyar take. In aka soke hatimi, kowane goran da yake ɗauke da shi ya faɗi ke nan, har da nagarin da suka cika rumfarsa, aikin shekara guda. Ga kuma kunya, a ce babban mutum kamarsa ya yi sakaci. Sai ya ce a ransa, bari dai kasuwar yau ta watse tukuna. Haka muke, 'yan'uwa. Kullum muna da niyyar yin abin da yake daidai, amma sai an tashi kasuwa.

Ya zauna yana ciniki, idonsa yana kan hanya. Goruna suna wucewa a kan mutane, duka da alamarsa, shi kansa bai iya rarrabe nasa ba. Hadari ya ƙara duhu. Can sai ga wani dattijo daga ƙauye mai nisa, abokin mahaifinsa, ya ɗaga gora sama yana murmushi.

"Bana ma naka na saya, ɗana! Wajen yaronka na bakin ƙofa. Ko ciniki ban tsaya yi ba."

Mutumin nan ba shi da wani yaro a bakin ƙofa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga masu saye uku tsaye a gabansa, ya fasa. Ya ce, "A sauka lafiya, Baba." Dattijo ya hau jakinsa ya tafi.

Sai da iska ta fara kwasar tabarmi zuciyar mai sayar da irin ta kasa ɗauka. Ya ruga wurin sarkin kasuwa, ya ajiye hatimin da guntun yumɓun, ya ce, "Ranka ya daɗe, a soke shi." Aka gwada, alamar ta zo ɗaya. Aka farfasa hatimin da dutse, mai shela ya zaga yana cewa kada kowa ya shuka abin da yake cikin goruna masu alamar nan. Waɗanda suke kasuwa suka fasa nasu, suka tarar da tsohon hatsi wanda ƙwari suka cinye cikinsa. Suka tsira. Amma mutanen nesa sun riga sun kama hanya. Mai sayar da irin ya aika a bi su, ruwa ya kece, rafi ya kawo, ba a ƙetare ba sai bayan an gama shuka.

Gonar dattijo ba ta tsiro ba. Da ya zo gari bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi.

"Ɗana, yaushe ka sani?"

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Tun da safe, Baba."

Ma'anar wannan misali ita ce: hatimin nan shi ne amanar da mutane suka ba sunanka. Wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu mai aikin kwamfuta ya bayyana mini cewa shafukan intanet ma suna da irinsa, mabuɗi na asiri da takardar shaida. In mabuɗin ya faɗa hannun wani, ko da yana nan a wurin mai shi, sai a kai rahoto nan da nan a soke takardar, in ba haka ba ɓarawo zai yi ta cutar mutane da sunan mai gaskiya.

Haka yake a gidanka da wurin aikinka, haka kuma cikin hidimar Ubangiji. In ka san wani abu ya lalace a ƙarƙashin sunanka, kada ka ta'azantar da kanka cewa ba wanda ya gani. Wanda ya zo ya gaya maka, kamar tsohuwar nan, ba maƙiyinka ba ne, Allah ne ya aiko shi. Tuba tana da tsada, ban ɓoye muku ba, rumfar mutumin nan duka ta tafi. Amma abin da yake ba ni tsoro shi ne, jinkirinka ba kai kake biyan farashinsa ba. Allah zai gafarta maka ko da yamma ka zo, amma wanda ya amince da kai ya riga ya hau jakinsa tun da rana.