Rigunan da Suka Tsaya a Bakin Alƙalami

An yi wani sarki, Hambali ɗan Isiyaku, a wani birni da ya shahara da babbar makarantar ilimi da kuma ɗinkin riguna. Al'adarsa ce duk shekara, idan ɗalibai suka sauke littattafai, ya tufatar da su da malamansu da riguna masu aska. Wata shekara lokaci ya ƙarato, ko riga ɗaya ba ta iso fada ba. Sarki ya fusata, ya ce za a warware rawanin Sarkin Maɗinka, wani dattijo mai suna Tanimu, a kore shi daga gari.

Waziri Ɗalhatu, abokin Tanimu tun ƙuruciya, ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hannu da yawa ke yin riga, bai kamata a hukunta na ƙarshe don shi ido ya gani ba. A ba ni izini in bincika."

Sarki ya ce, "Na ba ka zuwa tsayuwar wata. Ka zo da mai laifi da hujja, in ba haka ba hukuncina yana nan."

Waziri ya fita ransa a jagule. Ya tarar auduga ta yi albarka, mata sun kaɗa, masaƙa sun saƙa, marina sun rina zaren ado. A zauren Tanimu kuwa ga riguna tuli, maɗinka sun zuba tagumi. A garin nan allura ba ta taɓa riga sai malami ya zana mata aska da alƙalami, ƙananan malaman makaranta kuwa su ke wannan zane, kuma duk sun watse, saura wani Malam Sidi.

Waziri ya tambaye shi abin da ya kori 'yan'uwansa. Sidi ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, bakina ba zai ambaci malamina da sharri ba, ina tsoron rasa albarka."

Waziri ya bi ta bayan katangar makaranta, ya ji da kunnensa. Shugabanta, Shehu Kailani, teku ne a ilimi, amma harshensa ya fi barkono zafi. Yana tsinka Sidi a gaban ɗalibansa, yana kiransa malamin allura, daga bisani ya raba shi da ɗaliban, ya ce ya je ya share tsakar gida. Takaici ya kama Waziri. Sai dai shaidar mutum ɗaya, abokin wanda ake tuhuma kuma, ba ta tsayar da hukunci, waɗanda aka zalunta kuwa ladabi ya ɗaure musu baki.

Ya koma fada ya ce, "Allah ya ja zamaninka, sarkin maƙwabta ya daɗe yana roƙon malamin da zai yi musu tafsiri. A girmama Shehu Kailani da wannan aike."

Aka ɗora Shehu a kan doki, aka raka shi da ban girma, ya tafi yana murna. Ƙurar dokinsa ba ta gama kwantawa ba labari ya bazu. Malaman da suka gudu suka dinga dawowa ɗaya bayan ɗaya, wani daga ƙauyen kakanninsa, wani daga fatauci, kowa da alƙalaminsa. Kafin wata ya tsaya aka shigo da riguna fada ɗauri-ɗauri.

Sarki ya ce, "Riguna sun zo, Waziri, amma ina mai laifi, ina hujja?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ƙara auduga ba, ban sauya maɗinki ba. Mutum ɗaya na fitar daga gari, aiki ya tashi. Ba wanda ya kai ƙarar malaminsa, ba wanda ya rasa albarka. Rashinsa shi ya ba da shaida."

Sarki ya sa aka kira Tanimu, ya ce masa rawaninsa na nan daram. Dattijo ya faɗi yana godiya, hawaye na bin gemunsa. Waziri ya sauke ajiyar zuciya, ya ji kamar an ɗauke masa dutse daga ƙirji.

Da Shehu ya dawo, sarki ya bar masa karatunsa da girmansa, amma ya karɓe ikonsa a kan malamai, ya danƙa wa majalisar dattawa wadda ƙarami zai iya kai mata kuka. Ya kuma umarta a koya wa maɗinka zane, don kada sana'ar gari ta sake rataya a wuyan gida ɗaya. Waziri kuwa aka ba shi alkyabba da ingarman doki.

Masu hikima suka ce, adalci bai cika da sauraron mai ƙara kaɗai ba, sai shugaba ya nemo wanda kunya da tsoro suka hana shi kuka.