Tukunyar Irin Baba Gide

Akwai wani shugaban ƙungiyar manoma a Faskari, Alhaji Rabo, a shekarun da arzikin man fetur ya sa kowa ke tafiya da ƙirji gaba. Aka yi wa ƙungiyarsu alkawarin inji guda ɗaya tak, in sun zaɓa babu canji. Alhaji bai yi wata-wata ba ya ce na matsar man gyaɗa, don da gyaɗa mahaifinsa ya je Makka.

Ya tara manoma a zaurensa, ya tambaye su ko za su shuka gyaɗa bana. Kowa ya ce ƙwarai. To wa zai musa wa Alhaji a kan tabarmarsa?

Sai sakataren ƙungiyar, Malam Mani, ya roƙi sati uku kafin a sa hannu. Alhaji ya yi dariya, ya ce matambayi ba ya ɓata, amma yakan makara.

Mani ya hau babur, ya zaga Yankara da Pauwa har Sabuwa. Bai tambayi kowa abin da zai shuka ba. Tukunyar da ake adana irin gyaɗa kawai yake roƙo a fito masa da ita. Ya kuma zauna da masu ƙuli-ƙuli, suka ce daga nesa suke sayo gyaɗa yanzu.

Ran sa hannu ya ajiye tukunya gaban Alhaji, babu komai cikinta.

"Ranka ya daɗe, ta Baba Gide ce, wanda ya fi kowa ɗaga murya rannan. Tun da ciwo ya cinye gyaɗa bara, irin ma an cinye. Masara ce rataye a kowane madafi."

Alhaji ya leƙa cikin tukunyar. Shekara ashirin yana shugabancin mutanen nan, bakinsu kawai yake ji, ga wani ya karanto zuciyarsu a gindin tukunya. Sai Alhaji ya ce, "To mi za mu zaɓa, Malam?"

Suka zaɓi injin niƙa masara. Da kaka layin buhuna ya kai bakin titi. Wata ƙungiyar da ta ɗauki na gyaɗa kuwa, kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsa.

Tukunyar nan Alhaji bai mayar ba. A zaure ya ajiye ta, duk taro sai ya leƙa cikinta kafin ya buɗe baki.

Darasi: Kafin ƙungiya ko kamfani ya yanke shawara, a sami mai zuwa ya binciko abin da mutane ke yi, ba abin da suke faɗa don kunya ba. Ku tura wa shugabanninku su karanta.