Ƙwaryar da Ba Ta da Zane

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke bakin madatsar ruwa, inda mutane suke noman rani. Gonarsa tana ba da albasa da tumatir, iyalinsa kuma ba su taɓa kwana da yunwa ba. Duk da haka ba shi da kwanciyar rai, gama yana da maƙwabci wanda kowa yake ƙauna. In an yi gardama a kan iyakar gona, wurin maƙwabcin ake zuwa. In an gaishe su tare a hanya, sai manomin ya kasa kunne ya ji gaisuwar wa aka fi ja. Ya koma gida ya ture tuwonsa gefe, alhali ba wanda ya yi masa komai.

Ana nan sai tsohon da yake rabon ruwa ya rasu. Shi ne mai riƙe mabuɗin madatsar, ya buɗe wa wannan gefe yau, gobe wancan. Mutane suka fara cewa maƙwabcin ne ya dace. Da manomin ya ji haka, sai ya ce shi ma yana so. Ba rabon ruwan ne ya dame shi ba, shi dai kada ya ga mabuɗin nan a hannun maƙwabcinsa.

Garin kuwa yana da al'ada. Duk mai neman wannan aiki yakan kira gayyar yashe magudanar ruwa, ya ciyar da jama'a. Masu goyon bayansa sukan aiko da abinci a ƙorensu, kowane gida kuma yana da zanensa da aka ƙona a gindin ƙwarya. In an gama ci, sai a juya a ga zanen, a wanke, a mayar wa mai ita da godiya. Ta haka kowa yakan san wanda yake tsaye a bayan wane.

A ɗaya gefen madatsar akwai wani kamfani mai babbar gonar rake. Wakilinsu ya sami manomin a gona, ya yabe shi, ya ce mutum irinsa bai kamata ya zauna a inuwar wani ba. Maganar ta shiga shi ƙwarai. Wakilin ya ce su za su ciyar da gayyarsa.

"Ba ma neman komai," in ji shi. "Sai dai kada sunanmu ya fito."

Maƙwabcin ya yi tasa gayyar da kunu da ɗanwake, a tsofaffin ƙoren da kowa ya san gidajensu. Ranar gayyar manomin kuwa, sai ga shinkafa da nama a sababbin ƙore, har waɗanda ba su taɓa fartanya ba suka ci suka ƙoshi. Wata tsohuwar gwauruwa ta ɗaga tata ƙwaryar ta leƙa gindinta, ba ta ga zane ba.

"Ɗana, wa za mu mayar wa mu yi godiya?"

"Iya, ki ci kawai. Masoya ne."

Ta ajiye ƙwaryar ba ta taɓa abincin ba. Sauran suka yi mata dariya, suka raba namanta. Ranar zaɓe layin da ke bayan manomin ya fi tsawo, aka danƙa masa mabuɗi. Ya waiga don ya ga baƙin ciki a fuskar maƙwabcinsa, sai ya ga mutumin yana miƙo masa hannu. Wannan ma ya ƙona masa rai.

Da bazara ta yi, ruwa ya ja baya, sai wakilin ya dawo. Ya ce a buɗe ruwa gefen rake, a bar shi haka har damina. Manomin ya ce albasar mutane za ta mutu.

"To, sai mu zo mu karɓi ƙorenmu a gaban jama'a," in ji wakilin.

Manomin ya tuna maƙwabcinsa zai kasance a cikin jama'ar nan yana kallo. Sai ya tafi ya buɗe. Gonakin garin suka bushe, har da tasa. Mutane suka bi maƙwabcin zuwa gindin rafi suna haƙa rijiyoyi, manomin kuwa yana jiyo waƙar gayyarsu daga inda yake zaune da mabuɗinsa, ba wanda ya kira shi.

Wata safiya ya fito ya tarar an jibge ƙoren nan a ƙofar gidansa, gwauruwar tana tsaye kusa da su.

"Mun wanke su," in ji ta. "Kai ka san gidan mai su. Ka ce masa mun biya da albasarmu."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana: mabuɗin nan shi ne mulkin da muke ba mutum da ƙuri'armu, ruwan kuwa hakkin jama'a ne. Ƙwaryar da ba ta da zane ita ce dukiyar da manyan kamfanoni suke zubawa a ɓoye, ko a yaƙin neman zaɓe ko wajen shawo kan masu yin doka, don a buɗe musu abin da yake na kowa. Mai bayarwa da zuciya ɗaya ba ya tsoron a san gidansa.

Ku lura kuma da ƙofar da wakilin ya shigo. Bai tarar da manomin yana yunwa ba, hassada ya tarar, da ita ya saye shi. Wannan yana ba ni baƙin ciki, gama ina ganinta har a cikin ikilisiya, in an zo zaɓen dattawa. Wanda alherin ɗan'uwansa yake hana shi barci, ya roƙi Ubangiji ya warkar da shi tun wani bai zo ya yabe shi a gona ba.

Mu da muke cin gayya ma kada mu wanke kanmu, gama manomin bai tsaya a layi shi kaɗai ba. Lokacin zaɓe yana zuwa, za a kawo muku shinkafa da atamfa, wataƙila har da kwanon rufin majami'a. Kafin ku sa hannu, ku ɗaga ƙwaryar ku duba gindinta. In ba zane, ku ajiye.