Binciken Likita Rabo da Bai Koma Gida Ba

Akwai wani likitan ƙwaƙwalwa, mutumin Dogon Dutsi, ana ce masa Likita Rabo. Allah ya ba shi kai, wannan babu musu. Shekara goma sha biyu yana bincike a kan farfaɗiyar yara, har sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Ɗalibai a Yamai suna karanta rubutunsa, masana a ƙasashen waje suna kafa hujja da shi. Shi kuwa kullum da safe sai ya duba waya ya ga mutum nawa suka ambace shi, kafin ma ya amsa gaisuwar iyalinsa.

Binciken da ya ɗaga shi, a ƙauyukan Ɗan Kassari ya yi shi. Gida-gida ya bi da takarda, yana tambayar mata abin da suke yi idan yaro ya faɗi. Amsar ɗaya ce: ba a taɓa shi. Wai aljana doguwa ce ta hau shi, duk wanda kumfar bakinsa ta taɓa, kansa za ta koma.

Rabo ya rubuta, ya yi godiya, ya shige mota. Ya san sarai ba a ɗaukar farfaɗiya, amma a ganinsa aikin mai bincike tambaya ne, ba wa'azi ba.

Colette, ma'aikaciyar jinya a asibitin karkarar, ta kira shi ya fi sau biyar.

"Likita, ka taho ran kasuwa ka hwaɗa musu da bakinka. Ni ba su jin tawa. Kai ko ɗan gida na, in kac ce, za su yarda."

Ya ce, "Madam, ai ya fito a mujalla. Mai so ya karanta. Ni ba sankira mai shela ba ne."

Mujallar da Faransanci take. Matan da ya tambaya kuwa, yawancinsu ko ƙofar aji ba su taɓa shiga ba.

Abin takaici, a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan ƙanwarsa Mariama take aure, kuma 'yarta Rumaisa'u mai shekara tara tana da ciwon. Duk wata yakan aika magani ta hannun direba, a zatonsa ya sauke nauyi. Maganin ya rage faɗuwar, bai hana ta gaba ɗaya ba.

Wata Laraba cikin damina, Mariama tana gona, Rumaisa'u ta bi mata wanki bakin tafki. Ciwon ya taso, ta kifa cikin ruwan da ko gwiwa bai kai ba. Mata bakwai suka ja da baya suna salati, suna ihu a kira mai bori. Babu wadda ta miƙa hannu. Kafin wani ya iso, rai ya yi halinsa.

Rabo ya iso washegari, an riga an binne ta. Da ya ji yadda abin ya faru, sai ya rufe matan da faɗa a tsakar gidan makoki.

"Kuna tsaye kuna kallo! Ɗago kanta kawai za ku yi, da tana raye. Wane irin jahilci ne wannan?"

Wata dattijuwa, Inna Mubaraka, ta ɗago kai.

"Likita, ni na shimhiɗa maka tabarma shekarun baya. Ka tambaye ni, na ce ba a taɓawa. Kak kaɗa kai, kar rubuta, kac ce madalla. Munka ɗauka daidai muke, tunda mai ilimi ya ji bai ce komi ba. Ashe ka san ba a ɗauka?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

Sai Mariama ta yi magana daga jikin bango.

"Yaya, ni ma ban taɓa taɓa ta ba in ta hwaɗi. Shekara biyar ina tsaye nesa, ɗiyata na birgima ƙasa, ina jin tsoronta. Ashe da na rungume ta, ba abin da za ya same ni?"

Rabo ya durƙusa a gabanta yana kuka.

Darasi: Ilimin da ya tsaya a takarda, bai koma wurin mutanen da aka samo shi ba, bai amfani kowa ba, komai yawan masu ambaton sunanka. Abin da ka sani, faɗa wa jama'a da harshen da suke ji. Kuma ku sani, ba a ɗaukar farfaɗiya ta taɓawa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila ku ceci ran wani yaro.