Sadiq da Mabuɗin Tagulla

Akwai wani matashi a garin Batsari, Sadiq sunansa, mai ɗan shagon cajin waya a bakin kasuwa. Ya gama karatun koyarwa shekara uku da suka wuce, aiki bai samu ba. Yayarsa Saude ce ta sayar da tumakinta ta buɗe masa shagon, don kada ya zauna haka nan.

Mahaifiyarsu Inna Hajjo da Saude suna zaune a wani ƙauye ta wajen Ruma. Mijin Saude, Mani, 'yan bindiga suka harbe shi a gona farkon damina, ya bar ta da ciki. Bayan an share makoki ta kira Sadiq ta miƙa masa makullin babur ɗin mamacin.

"Tafi da shi gari," in ji ta. "In ya kwana nan ƙwace shi za a yi. Amma ranar da muka neme ka, ka zo da shi."

Ya ce, "Yaya, ko ba ki faɗa ba."

Sadiq ba mugun mutum ba ne. Yana sallah, ba ya shaye-shaye, ba a taɓa jin shi da kowa ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya zauna: wani gem, wato wasa, da wani ya tura masa a waya.

Gem ɗin ba na harbi ba ne. Labarin wani matafiyi ne da ya shiga garin da mutane suka watse suka bari, yana neman mahaifinsa. Kana bin lunguna da shi, kana buɗe ɗakuna, kana tsintar wasiƙu, labarin yana buɗewa kaɗan-kaɗan. Wahalar duk tana wajen kayan aiki. Jakar matafiyin abu shida kawai take ɗauka, ga shi kuma abubuwan da ake bukata sun fi ashirin.

Akwai fitilar ƙwai da kananzirinta ke ƙarewa in ka daɗe cikin duhu. Akwai igiya mai ƙugiya ta hawa katanga, da guduma ta fasa ƙofar da ta ruɓe, da gorar ruwa, da ashana. Taswirar garin ma a yage take gida huɗu, sai ka nemo kowane yanki ka haɗa. In ka ɗauki guduma ka bar igiya, za ka je gaban katanga ka tsaya kamar gunki. Kuma gem ɗin ba ya riƙe inda ka kai sai ka sami murhu ka kunna wuta. In ya fita kafin nan, ka koma baya ke nan.

Sadiq ya haddace wannan duka kamar karatun allo. Samari sukan taru a shagon su leƙa ta kafaɗarsa, shi kuma yana ba su fatawa.

"Jahilci ne ka shiga rijiya ba ashana," yakan ce. "Mai hankali kafin ya taka ƙafa ya san abin da ke jakarsa."

Abokinsa Jamilu, wanda suke riƙe shagon tare, shi kaɗai ne ba ya dariya. Wata rana ya ce masa, "Sadiq, wata nawa rabonka da gida? Yayarka fa cikinta ya tsufa."

"Kai matsalarka ba ka san komai ba sai caja da soket," in ji Sadiq, idonsa na kan waya. "In na gama wannan matakin zan je."

Sati uku yana neman abu guda: mabuɗin tagulla, wanda ke buɗe ƙofar ƙarshe. Yana can ƙasan wata rijiya mai matakala, kuma daga bakin rijiyar har ƙasa babu murhu ko ɗaya.

Ranar kasuwa, bayan azahar, ya gano dabarar. Sai an ajiye gorar ruwa an ɗauki wani fasasshen madubi, a haska hasken fitila da shi a bango, sannan hanya ta bayyana. Ya cire wayar daga caji don tana ɗaukar zafi, ya gyara zama, mutane suka kewaye shi.

Ya kai rabin rijiyar ke nan sai waya ta yi ƙara. Gem ya fita. Ya duba, lambar Asta ce, maƙwabciyarsu ta ƙauye, wadda Inna Hajjo ke aron wayarta.

Ya yi tsaki ya katse. Ya sake farawa daga bakin rijiya. Bai yi nisa ba, kira ya sake shigowa, gem ya sake fita.

"Ɗauka mana," in ji Jamilu. "Lambar gida ce fa."

"Na sani. Yau kasuwa, saƙon gishiri da omo ne. Minti goma na gama, ni zan kira su."

Ya shiga cikin wayar ya rufe layin gaba ɗaya, yadda kira ba zai ƙara shigowa ba.

Minti goman nan ya zama awa biyu. Sau uku kananzir na ƙare masa, sau ɗaya igiya ta tsinke. Aka kira la'asar, ya ce yana zuwa. Can sai shagon ya kaure da ihu: mabuɗin tagulla ya shiga jaka. Ya hau da matafiyin sama, ya buɗe ƙofar ƙarshe. Ɗaki ne babu kowa a ciki, sai kujera da wasiƙa guda a kanta, sannan rubutu ya fito wai labarin zai ci gaba a kashi na biyu.

Yana dariya ya buɗe layi. Saƙonni suka fara shigowa. Kira goma sha ɗaya aka yi masa. A ƙarƙashinsu akwai rubutaccen saƙo ɗaya daga Asta: Saude ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, masu babura duk sun tafi kasuwa, don Allah ya zo.

An turo shi tun ƙarfe biyu da kwata. Yanzu huɗu ta wuce.

Ya danna lambar Asta. Ta fara shiga, sai fuskar wayar ta yi baƙi. Caji ya ƙare.

Bai tsaya karɓar wayar kowa ba. Ya fita a guje ya haye babur. Jamilu ya biyo shi yana ɗaga murya, "Ka duba mai! Sadiq, ka duba mai!" Ƙarar injin ta cinye maganar.

Hanyar ƙauyensu, in la'asar ta wuce, ba mai binta. 'Yan kasuwa tun da sauran rana suke komawa a ayari, saboda tsoron abin da ke fitowa daga daji. Sadiq ya bi ta shi kaɗai, yana faɗa ramuka yana fita, gonakin dawa na wucewa dama da hagu.

Ya ɗan wuce rabin hanya sai babur ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya buga, ya ƙi. Ya buɗe tanki ya girgiza, ko ƙarar ɗigo bai ji ba. Kwana huɗu ke nan yana cewa zai sha mai.

Ya tsaya tsakiyar hanya. Ba waya, ba mai, ko ruwan da zai jiƙa maƙoshi babu. Ya kama babur ɗin ya fara turawa yana gudu, gumi na shiga masa ido.

Ya yi tafiya mai nisa a haka kafin ya hango su. Amalanken jaki ne ke tahowa a hankali. Malam Sammani, dattijon da ke maƙwabtaka da su, yana jan jakin. Asta na zaune a sama ta ɗora kan Saude a cinyarta. Inna Hajjo na biye a ƙasa, ba takalmi, ta rungume jaririya cikin zane.

Ya saki babur ya ruga. Tabarmar da aka shimfiɗa wa Saude ta jiƙe sharkaf, har tana ɗiga ta tsakanin katako. Leɓɓanta sun yi fari. Ta buɗe ido da ƙyar ta dube shi.

"Ka zo?" in ji ta, muryar can ƙasa. "Ai na ce masu za ka zo."

Malam Sammani ya ce, "Alhamdulillahi. Maza ɗauko mashin ɗin, Asta ta riƙe ta a baya, ku yi gaba. Mu ma biyo ku."

Sadiq bai motsa ba.

"Yaro, ba ka ji ba?"

"Baba... babu mai."

Dattijon ya dube shi, ya dubi babur ɗin da ke kwance a gefen hanya. Bai yi faɗa ba. Ya dai gyara riƙon igiyar jakin ya ce, "To bar shi nan. Kama mu tura."

Sadiq ya sa kafaɗa a bayan amalanken. Yana turawa yana jin numfashin yayarsa, yana fita da nauyi, yana tsayawa, yana dawowa. Asta na ta maimaita mata kalmar shahada. Jaririya ta yi kuka ta gaji ta yi shiru.

Sun fara hango rufin kwanon gidajen Batsari, ana shirin kiran magariba, sai Asta ta ce, "Malam, tsaya."

Malam Sammani ya tsayar da jakin, ya zo ya duba. Ya shafe mata ido, ya ja gyalenta ya rufe fuskar.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Inna Hajjo ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ƙara matse jaririyar a ƙirji.

Washegari da safe aka yi wa Saude sutura a Batsari. Mutane suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, Sadiq yana amsawa da amin. Malam Sammani ne kawai, da suka rage su biyu a bakin maƙabarta, ya ce masa, "Kwana na Allah ne, wannan ba musu. Amma kiran da aka yi maka, kai za a tambaya."

Ran sadakar uku, bayan mutane sun watse, Inna Hajjo ta kira shi ɗakin da aka sauke ta. Tana ba jaririyar madara da cokali. Ya ga ƙafafunta a kumbure, an ɗaure gwiwa ɗaya da tsumma.

"Inna, me ya sami ƙafar?"

"Dutse ne. Ka san garinmu ba a samun sabis ɗin waya sai an hau dutsen bayan gari. Asta na riƙe da yayarka, sai ni ke hawa. In kira, in sauko in duba ta, in koma." Ta goge bakin jaririyar. "Na ce wa Asta wayarka ce ta lalace. Ita ce ta lalace, ko?"

Da ya ce e, da ta yarda. Ya ga haka a fuskarta, ya ga ma abin da take so ya ce ke nan.

Ya durƙusa. "Ba ta lalace ba, Inna. Na ga kiran. Wasa nake yi, na rufe layin."

Hawayen da ba ta zubar a kan hanya ba suka fara sauka, ba ta share ba.

"Wasa," ta ce.

Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Ta miƙa masa jaririyar da cokalin.

"Karɓi. Ba ta da uwa, ba ta da uba, ni kuma ƙafata ta gama aiki. In ta yi wayo ta tambayi yadda uwarta ta rasu, ba ni zan faɗa mata ba. Kai za ka faɗa."

Ya karɓe ta. Inna Hajjo ta juya fuskarta bango.

Darasi: Nishaɗi ba laifi ba ne, amma duk abin da ya kai ka ga katse kiran mahaifiyarka ya riga ya fi ƙarfinka. Wasa zai jira ka, in ka faɗi ka sake farawa. Mutum ba ya jira, kuma ba a sake shi. In waya ta yi ƙara ka ga lambar gida, ajiye komai ka ɗauka. Ku tura wa duk wanda kuka san idonsa ba ya barin waya, wataƙila yau ana nemansa.