Mai Gudun da Ya Ce "Da Sauƙi"

Akwai wani manomi a wani ƙauye na kan duwatsu wanda Allah ya ba shi ƙafa. Tun yana yaro, in akuya ta tsinke igiya shi ake kira. Da ya girma sai ya shiga gudun fanfalaki, wato tseren nan mai nisa da ake yi a birni kafin saukar damina.

Wata shekara, da tsere ya matso, manomin ya tsallake wani rami a hanyar gona, sai ya ji jijiyar bayan cinyarsa ta ɗaure. Matarsa ta ga yana ɗingishi. Ta tuna masa cewa da ƙafar nan zai yi huɗa in ruwa ya sauka, kuma gidan ba shi da wani mai riƙe garma. Ta tambaye shi yaya ƙafar, ya ce da sauƙi. To, mutumin nan irinmu ne. Ko a gadon asibiti aka same mu, ana yi mana ƙarin ruwa, "da sauƙi" za mu ce. Haka iyayenmu suka koya mana, kuma a gaisuwa ba laifi ba ne.

Ranar tsere ya fita da ƙarfinsa. Amma kafin a kai rabin hanya cinyar ta fara zafi, takunsa ya gajarce. Akwai wani tsohon ma'aikacin jinya da aka sa yana bin masu gudu a kan babur, da bandeji da man shafawa a jakarsa. A wajen wata gada ya matso kusa da manomin.

Ya ce, "Ɗana, yaya ƙafar nan?"

Manomin ya ce, "Da sauƙi, Baba."

Tsohon ya roƙe shi ya tsaya a ɗaure masa. Ya gaya masa wasu za su wuce shi, amma zai isa da ƙafarsa, ko da a hankali ne. Manomin ya dubi 'yan ƙauyensu a bakin hanya suna kiran sunansa. Kunya ta kama shi a gan shi zaune a ƙasa. Ya yi godiya cikin ladabi, ya ƙara wuta. Tsohon ya ƙyale shi, gama ba a ɗaure ƙafar da take gudu.

Yana hango ƙofar filin da za a ƙare tseren, sai jijiyar ta tsinke, ya faɗi. Waɗanda ya wuce duk suka wuce shi. Tsohon ya iso, ya durƙusa, ya sake yi masa tambayar nan.

Manomin ya ce, "Babu sauƙi, Baba. Tun daga gida babu."

Tsohon ya ce, "Da ka faɗa mini haka a gada, da ɗauri ya isa. Yanzu kam sai asibiti."

Damina ta sauka yana kwance. Matarsa ta nome abin da ta iya, sauran gonar ciyawa ta cinye.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Tseren shi ne zamanmu na bangaskiya. Jijiyar ita ce rauni ko zunubin da yake bayanmu, inda idon mutane ba ya kaiwa. Tsohon nan kuwa yana nuna mana Ubangiji, wanda ya riga ya ga ɗingishinmu kafin ya tambaya. Da yawa a cikinmu mun mai da addu'a gaisuwa. Mukan durƙusa mu ce masa kome lafiya, domin muna jin kunyar 'yan ikilisiya su gan mu a zaune.

Maƙwabcinka in ya gaishe ka a hanya, ka ce masa da sauƙi, ka wuce. Amma Ubangiji in ya tambaye ka yaya ƙafa, ba gaishe ka yake yi ba. Bandeji yana hannunsa. Tsaya tun kana gada.